Rawar Gora a Bayan Gidan Malama

Makon jiya magina suka gama aikin benen da ke jikin katangarmu, suka shiga kwance gorar da suka ɗaɗɗaura suna hawa. Ina zaune a tsakar gida ina tsince wake, sai aka jefo guda biyu a jere. Suka bugi ƙasa, suka sake bugu, sannan suka haɗu da juna. Wallahi sai da faifan ya kusa suɓuce mini. An doshi shekara hamsin rabona da wannan ƙara, amma sai na ga hannuwana suna motsi da kansu a kan cinyata. Tun ranar nake son in faɗa wa wani abin da na yi, ban sami wanda zai zauna ba. To, mai karatu, kai ne ka zauna.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya a lokacin. Garin nan namu Abuja ake ce masa, ba a kai ga ɗauke sunan an kai wa sabon birni ba. Kakata, mahaifiyar babana, ɗakinta na can ƙuryar gida kusa da rumbu. Bayan rasuwar kakanmu aka ɗauko ta daga ƙauyensu da ke gaba da Diko. Sunanta aka sa mini, shi ya sa babana ba ya kiran sunana, ba ya kuma ɗaga mini hannu. Ita kuwa takwara take ce mini, ni ina ce mata Iya kamar kowa.

Ba wanda ba ya girmama ta a gidan. In ta fito, matan gida sai su yanke hira, su durƙusa su gaishe ta, su jira ta wuce kafin su ci gaba da dariyarsu. Na ɗauka gata ne. Sai da na kai shekarunta na san yadda mutum yake ji in dariya ta tsaya saboda ya iso.

Ba ta iya zama hannu sake ba. Shinkafar fadama take saya, ta guma, ta shanya a tabarma, ta cashe, sannan ta zauna ta tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Shinkafar nan ce ta haɗa ta da Malama.

A zamanin gwamnati ta kawo malamai daga ƙasashe masu nisa. Ɗaya daga cikinsu aka ba wani ɗan gida a bakin makarantar sakandare, wajen rafi. Mutane 'yar Sin suke ce mata, ita kuwa kullum tana gyara musu cewa daga Filifin take. Gajeruwa ce, gashinta har gadon baya, tana yawo da laima ko da ba hadari, yara suna bin ta suna dariya. Lissafi take koya wa samari. Shinkafa take ci safe da rana da dare, da ta gano ta kakata ba ta da tsakuwa sai ta daina sayen ta kowa. Kowace Asabar bayan la'asar ni nake ɗora ƙwarya a ka in kai mata.

Wata Asabar a farkon damina Iya ta yafa mayafi ta ce, "Mu je in ga matar nan da ba ta gajiya da shinkafa."

Hausar Malama ba ta wuce sannu da na gode da kaɗan-kaɗan ba. Turancina kuwa na 'yar aji biyar ne. Duk maganar da za ta bi tsakaninsu ta bakina take bi, rabi ya zube a hanya. Amma ba su damu ba. Malama ta ɗauko hoton mijinta da 'ya'yanta biyu da ta baro a ƙasarsu. Iya ta daɗe riƙe da shi, sannan ta ce in tambaye ta wa yake yi wa yaran wanka. Malama ta ce mahaifiyarta. Iya ta gyaɗa kai ta ce, "To, da sauƙi." Sai na ga su biyun suna share ido, ni kuwa ban ga abin kuka ba.

A bayan gidan, ƙarƙashin mangwaro, akwai gora biyu dogaye da aka goge gaɓoɓinsu suka yi santsi, da wasu guntayen katako biyu. Iya ta tambaya ko shinge za a yi. Malama ta yi dariya ta ce na rawa ne. Tun daminar bara ta sa aka saro mata su a bakin rafi, amma ba ta taɓa rawar ba, domin sai da mutum uku ake yin ta: biyu su riƙe gora, ɗaya ya shiga. Ba ta yiwuwa ta yi tsalle a gaban ɗalibanta, 'yan ƙasarsu kuma suna can Minna da Kaduna. Shekara guda gorar na kwance tana kallon ta. Ta dube ni, ta dubi Iya, ta ɗaga yatsu uku.

Haka muka soma. Ta ajiye katako ɗaya a gabana, ɗaya a gaban Iya, ta ɗora gorar a kai, muka durƙusa muna fuskantar juna. A buga gorar a kan katako sau biyu suna buɗe, a na uku a jawo su su haɗu. Kada a ɗaga su sama. Kada a sa yatsu a tsakani. Kada a ƙara sauri don an ji daɗi, kada a rage don tausayi. Ni na yi ta rikicewa, ina haɗawa a na biyu. Iya kuwa bugu uku kawai ta saurara ta ce, "Ai wannan lugude ne." Ka san yadda mata biyu ko uku suke daka a turmi ɗaya, wannan taɓarya na sauka waccan na tashi, ba su taɓa karo ba. Ta ce, "Daina kallon hannunki, takwara. Da kunne ake yi."

Da muka daidaita, Malama ta cire takalmi, ta naɗe gashinta, ta kama ƙugu, ta tsaya a gefe tana kaɗa kai tana ƙirgawa. Sai ta shiga. Ban taɓa ganin ƙafa mai sauƙi irin wannan ba. A kan yatsu take sauka, dama ta shiga, hagu ta bi ta, kafin gorar ta rufe ta fice ta ɗaya gefen. Ta dawo, ta juya a tsakiya, ta sake fita, tana rera wata waƙa a hanci. Ba ta kallon ƙasa ko sau ɗaya. Da ta tsaya tana haki, ta ce sunan rawar tinikilin, wai wani tsuntsu ne mai dogayen ƙafafu ake kwaikwayo, wanda yake ratsa gonar shinkafa yana tsallake tarkon gora da manoma suke ɗana masa. Iya ta ce mu ma muna da irinsa a fadama, sai dai ba wanda ya taɓa tunanin ya koyi rawa a wurinsa.

Daminar nan kaf, ba Asabar ɗin da ta wuce mu. In ruwa ya tsaya mu fito, ƙasa na ƙamshi, kwaɗi na kuka a rafi, gajimare ya sauko ya rufe kan Dutsen Zuma. Gwiwoyina har suka yi kanta. Wata rana Malama ta nuna mana wata rawar ta daban, ta ɗora kofi mai kyandir da aka kunna a ciki a kanta, da ɗaya a bayan kowane hannu, tana juyawa a hankali ba abin da ya faɗi. Iya ta taɓe baki ta ce, "Wannan kam duk yarinyar da ta taɓa ɗauko tulu daga rafi ta iya." Na fassara, Malama ta yi dariya har kyandir ya mutu. A hanyar gida Iya takan yi ta sharhi. Ta ce rawar su Malama a ƙafa take, su kullum neman tashi suke yi daga ƙasa. Tamu kuwa a ƙugu da kafaɗa take, ƙafa na manne da ƙasa kamar ana murza ta. Na yi mamakin inda ta san duk wannan.

Rannan, wajen ƙarshen damina, Malama ta gaji, ta zo ta karɓi bakin gorar da ke hannun Iya, ta nuna mata tsakiya.

"Ni?" in ji Iya. "Da jikokina cike da gida?"

Ta dubi dama, ta dubi hagu. Shingen ya yi tsawo, dawar maƙwabta ta rufe ko'ina. Sai ta ajiye mayafi, ta tattare zani zuwa ƙwauri. Shigar farko gora ta kama mata idon sawu, ta yi salati tana dariya. Ta biyu kuwa ta wuce. Ba tsalle take yi irin na Malama ba, zamewa take yi, ƙafar ta shiga ta fita kamar ba ta taɓa barin ƙasa ba, kafaɗunta na rawa, kanta a miƙe. Malama ta yi ta ihu da yarensu. A ranar na fara ganin haƙoran kakata duka, har da giɓin da ke can gefe.

Da muka kamo hanya ta tsaya ta gyara mayafi ta ce, "Takwara, abin da aka yi a bayan gidan can, a can muka baro shi. Kin ji ko?"

Na ce, "Na ji, Iya."

Daga nan su biyu suke karɓa-karɓa, ni ina kan gora. In an ba ni fili ƙafata nauyi gare ta, ba na kai zagaye biyu sai gorar ta kama ni. Ban sani ba ko wannan ne ya tsaya mini a rai. Na sha tambayar kaina, har yau ban sami amsar da ta wanke ni ba.

Da lokacin kaka ya yi, mahaifiyata ta haihu. Ranar suna gida ya cika da mata, ana kiɗan ƙwarya, ana guɗa. Ka san wasan jika da kaka a wurinmu: jika ya tsokani kakarsa, ya ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta kai masa duka da mafici, kowa ya yi dariya, ba laifi. A bayan wannan al'ada na fake. 'Yan mata sa'o'ina suna ta shiga fili ana yaba su, ni ba wanda ya kula da ni. Sai na jawo taɓarya biyu na shimfiɗa a ƙasa, na ce, "Ku tsaya ku ga yadda Iya take rawa a gidan Malama."

Na tattare zani har ya wuce inda ta tattare nata. Na ranƙwafa, na yi ɗingishi, na yi haki, na yi salatin nan nata da muryar tsofaffi. Abin da na gani a bayan gidan can mai kyau ne, amma ba shi na nuna ba, abin da zai ba da dariya na nuna. Aka kuwa yi dariya, har da masu faɗuwa a kan tabarma. Gwaggona ta ce, "Iya, ashe da sauranki!" Wata daga baya ta ce, "Au, dama abin da ake zuwa yi ke nan duk Asabar? Mu muna nan muna cewa ciniki ne."

Iya tana zaune a kan kujerarta 'yar tsuguno. Ta yi murmushi ta ce, "Ja'ira." Ta ɗan ƙara zama kaɗan don kada a ce ta yi fushi, sannan ta tashi ta shiga ɗaki.

Maganar ta kai zaure. Bayan magariba babana ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, ina jin sa. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Iya, in zaman gidan ne ya ishe ki, sai in sa a kai ki ƙauye ki kwana biyu." Ta ce, "A'a, ba komai." Ni kuwa ko harara bai yi mini ba, ai sunan uwarsa gare ni. Da an zane ni a ranar, wataƙila da abin ya fita daga jikina.

Asabar ta zo, Iya ta auna shinkafa ta ɗora mini, ta koma ɗaki. Malama na tsaye a bakin ƙofa tana leƙen bayana. Ta ce, "Mama?" Na ce ba ta da lafiya. Nan take ta ɗauko laimarta za ta bi ni ta duba ta. Tsoro ya kama ni, domin in ta zo za ta ji abin da na yi. Sai na ce ai an kai ta ƙauye. Ta mayar da laimar ta rataye. Kowane mako sai ta tambaya, kowane mako in ce ba ta dawo ba. Iya kuma ba ta taɓa tambayata komai ba, sai dai in na dawo ta daɗe tana duban ƙwaryar da ba komai a ciki.

Ana gab da hutun makaranta Malama ta zaunar da ni, ta yi mini magana a hankali don in gane. Aikinta ya ƙare, za ta koma wurin 'ya'yanta. Ta faɗi ranar da mota za ta zo. Ta ce don Allah a aika wa Mama ƙauye, ta zo ko sau ɗaya. Ba sai an yi rawa ba, ta zo kawai su zauna. Ta sa na maimaita saƙon sau biyu.

Na riƙe saƙon nan kwana goma sha ɗaya. Sau nawa nake zuwa ƙofar ɗakin Iya in tsaya, in ji tana jan carbi, in juya. In na faɗa mata, dole ƙaryar ƙauye ta fito, dole kuma mu taɓo maganar ranar suna, wadda ba ta taɓa tayarwa ba. Kullum sai in ce gobe. Ranar da motar ta zo ina makaranta, na san ranar ce, na zauna ina kallon allo ban ga komai ba. Asabar biyu da suka biyo baya na ɗauki shinkafar na kai wa wata mai tuwo a bakin kasuwa, na kawo wa Iya kuɗin da aka ba ni.

A ta ukun ne na ga Iya ta fito da wuri. Ta zaɓi shinkafa mafi kyau, ta tsince ta sau biyu. Ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗauko mayafinta na zuwa unguwa. Ta ce, "Tashi mu je, takwara. Wanda zai yi dariya ya yi. Baiwar Allah nan ba ta yi mini laifin komai ba."

Mai karatu, daga gidanmu zuwa can akwai tafiya. Mun bi ta bayan kasuwa, mun gangara, mun tsallake rafi a kan duwatsu tana dafe da kafaɗata. Tana ta hira, abin da ta daɗe ba ta yi da ni ba. Ta ce ta tuno wani taku da suke yi a ƙauye suna 'yan mata, tana ganin zai shiga tsakanin gora. Ta ce in tanadi Turancin da zan yi bayani da shi. A kowane taku ina iya buɗe baki, ban buɗe ba. Na bar tsohuwa ta taka har ƙofar gidan.

Kwaɗo ne a ƙofar. An cire labule. Ta zagaya baya, gorar na jingine a jikin mangwaro, an ɗaure su da igiya tare da katakon. Maigadin makarantar ya taho yana gaishe ta. Ya ce Malama ta tafi ƙasarsu tun mako biyu da suka wuce. Ya ce direba ya zo da hantsi, amma ta hana shi tashi har azahar, tana fita bakin hanya tana dawowa. Gorar kuma ta ce a ajiye wa Mama in ta dawo daga ƙauye.

"Ƙauye," in ji Iya.

Ta juyo ta dube ni. "Kin sani?"

Na ce, "Na sani."

Na jira mari, na jira zagi. Ta kai hannu ta shafa gorar, inda hannu ya sa ta yi duhu. Sannan ta ce wa maigadin ya riƙe shinkafar ya kai wa iyalinsa, gorar ma ya yi amfani da ita. Muka juyo. A bakin rafi ta sake dafa kafaɗata, domin ba yadda za ta tsallake sai da ni.

Ta yi shekara shida bayan haka. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ba ta rage mini komai ba, har ƙanzon tuwo tana ajiye mini. Shinkafa ce dai ta daina gumawa. Ni kuma ina ta jiran in girma in san yadda ake neman gafara, har aka yi mini aure, har aka aiko ta rasu. Malama kuwa ban san garinsu ba, ban ma san ko tana da rai ba. Wataƙila har ta tsufa tana zaton tsohuwar nan ta ji saƙo ta ƙi zuwa. Wannan ne yake hana ni sakewa in na idar da salla. Nakan roƙa musu su biyun, kowacce da addininta, Allah ya san abin da nake nufi.

Yanzu inda gidan Malama yake shaguna ne, rafin ya zama kwata, Suleja ta cika ta batse da mutanen da suke kwana a nan su wuni a Abuja. 'Ya'yana na cikinsu. Da rana gidan daga ni sai jikata in ta dawo makaranta. Ita ma tana son rawa. Takan jingina waya a jikin bango, ta ja da baya, ta yi ta juyi ita kaɗai, ta dawo ta duba, ta goge, ta sake. Ba ta bukatar kowa ya riƙe mata komai. Shekaranjiya ta kama ni ina kallon ta, ta ce, "Hajiya, ke kin taɓa rawa kuwa a zamaninku?"

Na gyara zama, na ce, "Ban iya ba. Amma na taɓa riƙe wa wasu mata biyu, zo ki ji."

Ta ce, "To, ina zuwa," ta ɗauki wayar ta shiga ɗaki. Na bar mata wuri a gefen tabarma har aka kira magariba.